Tsakanin Yankan Riɗi da Dashen Kabeji

 Mun daɗe muna son mu rubuto muku labarin wata asara da muka tafka a noman rani, amma kunya ta hana mu, ba kunyar gona ba, ta ido, domin ba wanda yake son ya yi tallan wautarsa a kasuwa. Abin da ya sa muka ajiye kunyar shi ne mun ga waɗansu samari a unguwarmu suna shirin bin hanyar da muka bi muka faɗa rami, har hujjojin da suke kawowa ma su ne waɗanda muka kawo a lokacin. To, tun da gani ya kori ji, gara mu faɗi abin da muka gani.

Mu mutanen Ƙala'at an-Nahal ne, gida ɗaya, wa da ƙanne da 'ya'yan kawu, tukunyarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya. Duk wanda ya san garinmu ya san duwatsu ne suka kewaye shi, sai baƙar laka shimfiɗe iyakar ganin ido, wadda da damina takan riƙe ƙafar jaki, da rani kuma ta tsattsage har mutum ya sa hannu cikin tsagar. Dawa da riɗi su ne abin nomanmu kamar sauran jama'ar wannan jiha. Ruwa kuwa shi ne tsohon ciwon garin. Hafiri muke dogara da shi, sai bututun da aka jawo daga kogin Rahad wajen shekarar 1970, lokacin da aka zaunar da 'yan gudun hijirar Iritiriya a Umm Sagata da ƙauyukan da ke kusa da ita. Ruwan da ake auna wa mutum da jarka ba a yin lambu da shi. Saboda haka tun zamanin kakanmu, da zarar an kai amfanin damina gida, mazan gidanmu sukan gangara yamma zuwa bakin Rahad, wajejen Hawata, inda muke da ɗan jarfi, wato gaɓar da kogi ke bari idan ya janye. A can muke shuka kuɓewa da tumatir da albasa da jarjir, da farko da jigo, daga baya da babur. (Baƙi daga Najeriya sukan yi dariya idan sun ji mun ce babur ne ke ba mu ruwa, don a wajensu babur abin hawa ne. A nan injin ban ruwa muke nufi.)

Kabeji, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira kurunb, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma suke ce masa shu, bai cikin abin da muka gada. Kasuwa ce ta kawo mana shi. A watan Nuwamba na 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha, dubban mutane suka tsallako iyaka, aka sake buɗe sansanin Umm Rakuba wajen Doka, sannan a farkon 2021 aka buɗe na Tunaidiba kusa da Mafaza, wanda ba shi da nisa da bakin Rahad. Mutanen nan yawancinsu Kiristocin Habasha ne, waɗanda ba sa cin nama ko madara ran Laraba da Juma'a, kuma suna da babban azumi na kwana 55 kafin bikinsu na Ista. Ganye shi ne mahaɗinsu a waɗannan kwanaki, kabeji kuma yana gaba-gaba. Muka ga 'yan kasuwa suna jigilarsa daga nesa, ya iso a yamushe, a saye shi da tsada. Muka ce, ga ruwa ga ƙasa, me zai hana?

Kawunmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, bai hana ba. Ya dai ce abu ɗaya: "Ku zuba irin nan cikin Simak, kada ku bari ya fita." Simak, kamar yadda masu lissafin taurari suka sani, shi ne na ƙarshe a taurarin damina, bayan Sarfa da Iwa, yakan kama cikin watan Oktoba. Kawu bai taɓa noman kabeji ba, amma ya yi aikin lambu a bakin Shuɗin Nilu yana saurayi, ya ga yadda masu noman sanyi ke yi. Muka amsa da "To, Kawu," muka wuce.

Ga inda gizo ke saƙa. Simak shi ne daidai lokacin yankan riɗi. Duk manomin Gadarif ya san riɗi ba ya jiran kowa: idan ganyensa ya yi rawaya, kwanaki kaɗan ne tsakaninka da asara, don da ƙwanson ya bushe a tsaye sai ya tsage, 'ya'yan su zube cikin tsagar ƙasa, sai dai tururuwa ta gode maka. A kakar 2021 kuma hannaye sun yi ƙaranci, domin yaƙin Habasha da rikicin kan iyakar Fashaga sun rage masu tsallakowa aikin girbi, waɗanda suka samu kuwa sun tsauwala kuɗin hilla. Saboda haka kowa a gidanmu, har yaran makaranta, ya ɗauki lauje. Muka gama yanka, muka jira ya bushe, muka kakkaɓe, sai ga dawa ta nuna. Kafin mu ɗaga kai mu tuna da gwangwanin irin kabeji da ke cikin akwatin Kawu, Disamba ya kusa rabi.

Da a nan muka tsaya muka ce bana ta wuce mu, da babu labarin da za mu ba ku. Sai muka zauna muka mai da lattinmu dabara. Ɗaya daga cikinmu ya lissafa cewa azumin Habashawa zai fara a ƙarshen Fabrairu na 2022, namu na Ramadan kuma a farkon Afrilu, saboda haka wanda ya dasa a makare shi ne zai yanka lokacin da kasuwa ke ƙishirwa, alhali masu sammako sun riga sun sayar da nasu da arha. Maganar ta yi mana daɗi, don ta wanke mu. Muka je wajen wani ɗan kasuwa muka karɓi kuɗin man babur da taki da magani bisa tsarin shel, wato bashin da ake biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗi ya yanka. Kawu ya ce, "Kasuwa kuka lissafa, rana fa?" Muka ce, "Kawu, ai da ruwa a hannunmu." Ya yi shiru, ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Muka zuba iri a tsakiyar Disamba, muka dasa a ƙarshen Janairu. A wajen dashen ne muka ƙara kuskure na biyu a kan na farko. Irin ya tsiro da kyau fiye da yadda muka zata, shatla ta yi yawa, ga shi mun saye shi da tsada, zubar da ita ya zame mana kamar zubar da kuɗi. Sai muka matse: ɗani ɗaya tsakanin tushe da tushe, wato wajen santimita 20, a kan kunyoyin da ke da santimita 70 a tsakaninsu. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa fadan ɗaya, mai murabba'in mita 4,200, zai ɗauki tushe 30,000 a wannan matsi. Rabin fadan muka dasa. Muna tafe muna ninka tushe 15,000 da kuɗin kai ɗaya a kasuwar Mafaza, har waninmu ya fara zancen sayen rakša, wato keken nan mai ƙafa uku.

Makonni uku na farko gonar ta yi kyan gani, kore shar, masu wucewa suna sa albarka. Daga nan iskar arewa ta ɗauke. Ku da kuke zaune a ƙasar nan kun san sanyinmu ɗan baƙo ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ko a tsakiyarsa zafin rana yakan haura digiri 30, dare ne kawai ke sauka ƙasa da 20. Kafin Afrilu ya shigo ana maganar 40 ne ko fiye. Shi kuwa kabeji asalinsa ɗan gaɓar tekun Turai ne, abin da ya fi so wajen ƙulla kai shi ne tsakanin digiri 15 da 20, idan kuma zafi ya zarce 25 dare da rana sai ƙullin ya yi ta ja da baya. Sanyin daren nan na Disamba da Janairu shi ne duk jarin mai noman kabeji a ƙasarmu. Mu kuwa mun bar shi ya wuce shatlarmu tana cikin fangali.

Abin da ya biyo baya ba mu manta shi ba. Tsiron ya kai lokacin da ya kamata ganyen ciki su fara lanƙwasa su rungumi juna, sai suka tsaya a buɗe kamar tafin mai roƙo. Waɗanda suka ƙulla, idan ka matsa da hannu sai ka ji taushi kamar tsumma. Bakin ganyen ciki ya ƙone ya yi baƙi, ko da yake ba mu taɓa barin ƙasar ta bushe ba, don a irin wannan zafi ganyen waje ne ke janye ruwan duka, na ciki ya rasa rabonsa. Saboda matsi kuma kowane tushe ya miƙe sama yana neman rana, ƙafarsa ta yi tsawo, ganyensa ya yi siriri, na ƙasa suka yi rawaya suka ruɓe don iska ba ta ratsawa.

Sai tsutsa. Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi mai ruwan toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, wanda ke yin ƙwai a bayan ganye. Tsutsarsa 'yar ƙarama ce koriya, idan ka taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya ta sauka a kan zare. Takan cinye naman ganyen ta bar fatar sama kamar gilashin taga. A lokacin sanyi takan yi jinkirin hayayyafa, amma da zafi cikin mako biyu ƙwai ya zama uwa. Muka yi feshi, muka sake, muka ƙara ƙarfin maganin, kamar muna yi mata wanka. Daga baya wani malamin gona ya gaya mana cewa wannan ƙwaro ya shahara a duniya da gagarar magani, tun a 1953 aka gano a tsibirin Jawa na Indunusiya cewa DDT ya daina kashe shi. Kuma a gonar da aka matse irin tamu, maganin ko bayan ganye ba ya kaiwa, inda ita take. Darɓa ma, wadda ake kira asala a nan, ta zo ta ɗauki nata kason.

A lokaci guda Rahad yana ta ja da baya. Kogin nan ba kamar Nilu yake ba, na damina ne, idan rani ya yi nisa sai ya yanke ya zama tafkuna. Muna ƙara tsawon tiyo muna bin ruwa, babur yana ƙara shan mai. Da azumi ya kama, abin da muka iya kaiwa kasuwa bai cika amalanken jaki uku ba, shi ma matan Habashawa suna ɗagawa suna jinjinawa a hannu suna ajiyewa. Wata tsohuwa ta ɓare ɗaya a gabanmu, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce da Larabcinta na koyo, "Murr," wato ɗaci. Sauran muka sako wa awaki. Ɗan kasuwar da ya ba mu shel bai karɓi labari ba, riɗin da muka ajiye don iri da cefanen damina shi ya tafi, tare da tumaki biyu na innarmu, waɗanda ta yi shekaru tana tattali saboda auren autarta. Wannan shi ne abin da ya fi yi mana ciwo. Ba ta ce mana komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Kawu ma bai ce "na gaya muku" ba. Sai da damina ta sauka, muna zaune a rumfa da dare, ya ce, "Ku ba ragwaye ba ne, hannu ne bai ishe ku ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Amma ku gaya mini, fangalin iri taki nawa ne?" Muka ce bai wuce tabarma uku ko huɗu ba. Ya ce, "To abin da bai wuce tabarma huɗu ba, dole sai a bakin kogi? Dole sai ƙarti?"

A nan ne tunaninmu ya juya. Irin kabeji ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, kuma makonni huɗu zuwa biyar na farkon rayuwarsa ba ya bukatar fili, sai kulawa. Saboda haka a kakar 2022 muka yi fangalin a cikin gida, nan Ƙala'at an-Nahal, a gefen rumfa inda rana ke samunsa da safe, inuwa ta rufe shi da azahar. Muka cakuɗa laka da yashin kwari da tsohon takin awaki, muka ɗaga shi sama da ƙasa kaɗan saboda ragowar ruwan sama, muka ja layi-layi da yatsa maimakon watsawa. Inna ce ta karɓi aikin, ita da jikokinta mata biyu, da gwangwani mai huji a gindi da jarka biyu na ruwan hafiri a yini. Ranar da muka fita yankan riɗi ranar ta zuba iri. Ta rufe shi da tsohon gidan sauro, kuma wannan dabararta ce, ba wanda ya koya mata. Amfaninsa ya fi yadda muka zata, domin akwai wata tsutsa dabam mai shiga zuciyar shatla a zafin kaka ta cinye idon tsiron, daga baya tushen ya fito da 'yan kawuna uku ko huɗu marasa amfani maimakon guda ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a so a yi gaggawar zubawa tun Satumba: ruwa mai ƙarfi ya dake shi, gindinsa ya ruɓe, tsutsa ta gama da saura. Ƙofar dai ƙarama ce, daga wajen 10 ga Oktoba zuwa ƙarshen watan, a yadda muka gani a wajenmu.

Da shatla ta yi ganye huɗu zuwa biyar, Inna ta rage mata ruwa na 'yan kwanaki don ta yi ƙwari. A mako na uku na Nuwamba muka cire ta da asuba da ƙasarta, muka jera cikin kwanduna, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, lori ya kai mu Hawata. Da la'asar muka dasa, a gefen kunya na arewa, daidai inda ruwa ya yi alama, muka sake ba da ruwa a daren.

Game da tazara kuwa, gardama ta tashi a tsakaninmu, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Waɗansu suka ce a ba kowane tushe kamu guda cur, waɗansu suka ce wannan ɓarnar ƙasa ce. Kawu ya ce a raba gonar uku, kowa ya ga abinsa. Kunyoyin duka santimita 70 ne. Kashi na farko muka ba shi santimita 50, wanda a fadan zai zama tushe 12,000. Na biyu santimita 35, wajen tushe 17,000 ke nan. Na uku, 'yan kunyoyi kaɗan, muka maimaita ɗani ɗaya irin na bara, don mu san ko latti ne kaɗai ya kashe mu ko da hannun matsi. Ƙaninmu ya samo igiya ya yi mata ƙulli-ƙulli bisa awo, don idan aka bar mutum da idonsa, yana gajiya yana matsewa.

Abin da muka lura da shi shi ne, kabeji yakan fara gina gida ne kafin ya yi ɗa. Ganyen nan na waje, manya, da ke baje kamar faifai, su ne ke shan rana su ciyar da kan da zai zo. Girman faifan shi ke yanke girman kai. Idan maƙwabci ya tare shi kafin ya gama bajewa, to an riga an yanke masa hukunci, ko da an tula masa taki daga baya. A ƙarshen Disamba, dare ya yi sanyi har muna hura wuta a bukka, sai muka ga ganyen ciki suna naɗewa kullum, idan ka matsa ka ji tauri kamar gwiwa. Tsutsar nan ta zo, amma kaɗan, muka rinƙa bi muna duba bayan ganye, muna fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma. (Ko kun san a nan Sudan ne, a shekarar 1959, wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura fara ta cinye komai ta bar itacen nim, daga nan binciken maganin ƙwari na darbejiya ya samo asali? Itacen da ke ƙofar gidan kowa ke nan.)

Muka fara yanka a ƙarshen Janairu na 2023. Na ɗani ɗaya, duk da ya sami sanyi, kawunansa ba su fi dunƙulen hannu biyu ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku bai ƙulla ba sam, manya sun danne ƙanana. Ashe matsi da kansa ma ɓarawo ne. Na kamu guda ya ba da kawuna masu ban sha'awa, waɗansu sun kai kilo biyu a ma'aunin mai shago, har yara suna ɗauka a ka suna shiga gari da su. Amma yana da nasa aibin. Ƙasar da ke tsakanin tushe ta daɗe a buɗe, ciyawa ta samu wuri, laka ta rinƙa tsagewa tana tsinka saiwa, ga shi babur ba ya rage shan mai don tushe sun yi kaɗan. Kuma da muka yi jinkirin ban ruwa sau ɗaya saboda lalacewar injin, muka zo muka cika kunyoyi, manyan nan ne suka fara fashewa. Na tsakiya kawunansa daga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kusan duka kai ɗaya, ganyen ya rufe ƙasa da wuri ya riƙe laima. Da muka haɗa nauyin kunya da kunya, shi da na kamu guda sun yi kusa, na tsakiya ya ɗan fi.

Sai dai a kasuwa ne aka raba gardamar. Matar da ke zaune a tanti, ba firji, kuɗinta na yini ɗaya ne, ba ta sayen kai mai kilo biyu. Tana son wanda za ta dafa yau ya ƙare yau. Idan ka ce za ka raba mata babba biyu, rabin da ya rage ya yi baƙi kafin la'asar. Manyan sai masu gidajen abinci a Gadarif, da matan birni masu naɗa mahshi, waɗanda ke neman faffaɗan ganye. Su kuma kaɗan ne, kuma sai ka biya lori. Tun daga lokacin muke dasa yawancin gonar a santimita 35 zuwa 40, mu ware kunyoyi kaɗan na kamu guda don masu oda. A ganinmu tazara abu ce da mutum zai iya ciniki da ita, ya duba wa zai sayar wa, ya ƙara ko ya rage. Lokaci ne ba ya karɓar tayi. Wanda ya dasa cikin Nuwamba ya yi kuskuren tazara zai sami wani abu, ko yaya. Wanda ya dasa a ƙarshen Janairu, ko da ma'aunin injiniya ya auna, awaki ya yi wa noma.

Za a ce ai akwai iri mai jure zafi. Akwai, mun gwada K-K Cross na kamfanin Takii na Japan, mai faffaɗan kai, yakan nuna cikin wata biyu bayan dashe, kuma lalle ya fi tsohon Copenhagen Market haƙuri da rana. Yakan ƙara wa mutum mako biyu ko uku a kowane gefe na ƙofar, amma ba ya mai da Afrilu ya zama Janairu. Masu cewa sun ga ana noman kabeji kusan duk shekara a Jos ko a tsaunukan Habasha ko Jabal Marra, su tuna waɗannan wurare ne masu tudu, sama da mita dubu, sanyinsu daga tsawo yake zuwa. 'Yan uwanmu na Kadawa a Kano da na Jiratawa a Maraɗi, waɗanda ƙasarsu ta fi kama da tamu, da hunturu suke samun mafi kyan nasu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai shiga wannan noma ya sani tun da wuri. Kabeji ba ya yin 'ya'ya a ƙasarmu, don sai ya sha dogon sanyi irin na Turai kafin ya yi fure. Ba kamar kuɓewa ko dawa ba ne da za ka ɗebi iri a gonarka. Kullum sai ka saya, kuma daga waje yake zuwa. Mun ɗanɗana wannan bayan yaƙin da ya tashi a Afrilu na 2023, lokacin da shagunan iri na Khartum suka rufe, sannan Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara. A 2024 mutanen Sinja da Dindir suka kwararo gabas, gidajenmu suka cika da baƙi, bakunan ci suka ƙaru, iri kuwa sai tsohon gwangwani da ya sha zafi a kanta, ana sayarwa da cokali. Abin da muka koya shi ne mu ƙirga ƙwaya 20 mu naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle tun Satumba, bayan mako guda mu buɗe mu ga nawa suka tsiro. Idan ba su kai 14 ba, mu ƙara yawan abin da za a zuba, ko mu nemi wani tun da sauran lokaci. Wanda ya gano irinsa matacce ne bayan Simak ya fita, shekararsa ta tafi.

Samarin da muka ambata a farko hujjarsu ita ce ta azumi, kamar tamu. Mun zaunar da su mun yi lissafi tare. Ramadan yana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara: a 2022 farkon Afrilu ya kama, a 2025 farkon Maris, kuma idan Allah ya kai mu 2028 zai kama ne a ƙarshen Janairu, daidai lokacin da kabejin Nuwamba ke kan ganiyarsa. Kasuwar da muka bi da gudu muka karye, ga ta nan tana tahowa da ƙafarta. Ɗayansu ya ce to su ba su da tsohuwar da za ta kula musu da fangali lokacin riɗi. Inna tana daga cikin ɗaki ta ji, ta ce su kawo irinsu ta haɗa da namu, amma su zo da jarkarsu ta ruwa da gidan sauronsu, kuma tunkiya ɗaya ce ladanta idan an yanka. Igiyar mai ƙulli tana rataye a rumfar Kawu, mun ce su zo su ara, su dawo da ita kafin 20 ga Nuwamba don ranar muke sa ran dasa namu.